Yadda ake zaɓen waya da layi lokacin da sabbin wayoyi ke shirin fitowa

Duk sanda kamfanonin waya suka fara sakin hotunan wayar da zasu fitar zaka ga hankalin jama'a ya tashi, wanda ya tara ƴan kuɗinsa ya rasa ya saya yanzu ne ko ya jira, wanda ke riƙe da waya lafiyayya kuma sai ya fara ganin tasa ta tsufa alhali babu abinda ya same ta. To ni dai shawarar da zan fara da ita ɗan'uwa ita ce, kafin ka fara maganar wace waya ka gama maganar wane layi tukunna, domin waya komai tsadarta in ka shiga da ita ɗakin da sabis baya kaiwa to hoto kawai zaka ɗauka da ita. Sannan ranar da sabuwa ta fito galibi ba ita ce abar saye ba, ta bara ita ce. Bari mu bi abin daki-daki.

Matakin farko, gwada layi a inda kake kwana

Manyan layukan da muke da su a Najeriya huɗu ne, MTN da Airtel da Glo da kuma wanda muka sani da Etisalat da ya koma 9mobile a 2017 sannan ya koma T2 a 2025. Mutane na yawan tambaya wanne yafi, kuma gaskiya wannan tambayar bata da amsa guda, saboda sabis ba sunan kamfani bane, ƙarfen sabis ne da ke kusa da kai da kuma yawan mutanen da suka taru a kansa. Unguwa ɗaya a Kano ko Zariya zaka samu wani layi yana gudu a bakin titi, ka shiga lungu gida biyar kawai ya mutu murus, wani layin kuma da ake zagi a gari shine yake aiki a ƙauyenku. Don haka kar ka yarda da maganar abokinka da ke zaune a wata unguwa daban, kai zaka gwada da kanka.

Ga yadda zaka yi. Ka lissafa wurare uku da kafi daɗewa a cikinsu, ɗakin da kake kwana, wurin sana'arka ko makaranta, sai garin da kafi yawan zuwa, ko gida ne wajen iyaye ko kasuwar ƙauye da kake ci duk mako. A kowanne ka ari wayar wani mai layin da kake tunanin ɗauka, ko maƙwabci ko ɗan gida, ka gwada a cikin ɗaki ba a tsakar gida ba. Kar ka tsaya kallon ƴan sandunan nan na saman waya, suna iya cika fam amma data ta ƙi motsi, abinda suke nuna maka shine kusancinka da ƙarfen sabis, basa nuna maka cunkoson da ke kai. Ka buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka ga lamba, in baka son wannan to ka kira wani da bidiyo a WhatsApp na minti biyu ka gani ko yana tsinkewa, ka buɗe YouTube ka ga ko yana ta juyawa.

Kuma lokacin gwajin shine babban abu. Da asuba kowane layi jarumi ne saboda kowa na barci. Gwajin gaskiya shine daga bayan isha'i zuwa wajen ƙarfe 11 na dare lokacin da duk unguwa ta hau TikTok da Facebook, layin da ya riƙe ka a wannan lokacin shine layinka. Ka kuma lura da ranar da aka daɗe ba wuta, akwai ƙarafen da in Nepa ta ɗauke janareta bai tashi ba sabis ɗin yankin gaba ɗaya yake sauka, ƴan unguwa sun san wannan, ka tambayi mai shagon caji ko mai POS na kusa da kai, su da sana'arsu ta dogara da netwok sun fi kowa sanin wanne ke cin amana da yamma.

Sai bayan ka san wanda ke aiki sannan ka duba farashi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025 data ta zama abar lissafi a aljihun kowa, kuma nan ne mutane ke ruɗuwa da yawan giga, a baka giga masu yawa da araha amma rabi na dare ne ko na wata manhaja guda, ko kuma layin baya ja a ɗakinka har wa'adi ya cika baka sha rabi ba. Ka danna *312# a kowane layi zaka ga jerin tsare-tsaren data, *323# ka ga abinda ya rage maka, *310# kuma kuɗin kati, NCC ta haɗe waɗannan lambobin sun zama iri ɗaya a duk layuka tun 2023. Ka karanta ƙananan bayanan, kwana nawa ne, nawa ne na rana nawa ne na dare, kuma in ka sabunta kafin ya ƙare ana haɗa maka ragowar ko tafiya yake.

Ni a ganina duk mai harkar kuɗi ta waya ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. A watan Maris na 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma mutane da yawa sun ga yadda layi ɗaya ke iya tsayawa cak har bankuna su rikice, ga kuma masu aikin titi da ke yanke wayar ƙasa kullum. Ɗaya ya zama na kira da banki wanda baka canjawa, ɗayan na data wanda zaka iya saki duk ranar da ya ɓata maka rai. Amma kar ka jefar da layi a durowa watanni ba kira ba kati, kamfani na kashe shi daga baya ya sayar wa wani, in kuwa da shi ka buɗe asusun banki ko WhatsApp ka shiga matsala babba.

In kuma lambarka ta daɗe kowa ya santa amma layin ya ishe ka, ba sai ka rabu da lambar ba. Tun 2013 ana iya ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani, zaka je ofishin kamfanin da kake son komawa da lambar NIN ɗinka, su cike maka takarda, ka tura PORT zuwa 3232, su baka sabon sim da tsohuwar lambarka, kyauta ne. Sai dai ka cinye katinka da datarka kafin ka tafi don basa bin ka. Kuma dan Allah kowane sim zaka saya ka yi rajistarsa da NIN ɗinka kai da kanka, ka guji wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ranar da ya ɓata ka je walkam bak wato a dawo maka da layin, ba wanda zai saurare ka.

Mataki na biyu, wayar ta dace da layin

Wannan wurin mutane da yawa basa dubawa. Kowane kamfani na da zangon da yake watsa 4G ɗinsa a kai, ana kiransu band, kuma ba kowace waya ke kama duka ba. Wanda kusan kowa ke amfani da shi a nan shine band 3, sai band 7 da band 20 da MTN ke da su, Glo kuma an santa da band 28, shi yasa a da zaka ji mutum na cewa wayata 4G ce amma Glo bata hawa 4G a kai. Abin lura anan, band 20 da 28 sun fi tafiya nesa kuma sun fi ratsa bango, kenan in a bayan gari kake ko gidanku ginin siminti ne mai kauri to sune masu cetonka. Wayoyin da aka kawo don kasuwar nan kamar Tecno da Infinix da itel da Samsung da Redmi na cikin kwali galibi basu da matsala, inda ake samun cikas shine wayar da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan ko cikin China. Ka rubuta cikakkiyar lambar samfurin a shafin intanet na GSMArena ka duba ɓangaren netwok, minti biyu ne.

Maganar 5G kuma kar ta ɗaga maka hankali. MTN ta fara a 2022 a birane bakwai, Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Kano da Owerri da Maiduguri, Airtel ta biyo baya a 2023, kuma har a waɗannan biranen ba ko'ina ba ne, wasu unguwanni ne. Zangon da ake amfani da shi n78 ne, yana da sauri sosai amma baya nisa kuma bango na rage shi. In ka gwada ka ga yana kamawa a inda kake zaune kuma kana aikin da ke buƙatarsa, loda bidiyo ko raba data wa kwamfuta, to ka nemi mai 5G. In babu, wallahi gara waya mai 4G mai sikirin da batir masu kyau da mai 5G da aka rage mata komai don a cusa sunan 5G a kwali.

Masu son iPhone ku saurara da kyau. Tun daga iPhone 14 a 2022 duk wadda aka yi wa kasuwar Amurka bata da ramin sim kwata-kwata, eSIM kawai take ɗauka, wato layin da ake saka maka ta hanyar hoton lamba ba tare da kati ba. MTN da Airtel na bada eSIM a ofisoshinsu, amma ka sani ba irin sim ɗin da zaka zare ka saka a rakani-kashi ba ne in caji ya ƙare ko wayar ta lalace, sai ka koma ofis. Ga wanda ke zaune nesa da babban gari wannan wahala ce ta gaske. Akwai kuma waɗanda ake huda musu ramin sim a kasuwa, wannan waya ce da aka kwance aka taɓa cikinta ko me mai shago zai ce, ni bazan saye ta ba.

Mataki na uku, yanzu ko a jira

Fitar waya na da kalanda kuma bata cika canjawa ba. Apple na fitar da manyan iPhone a watan Satumba. Samsung na fitar da jerin S a farkon shekara, S24 da S25 duk a Janairu aka ƙaddamar da su, jerin A masu matsakaicin kuɗi kuma wajen Maris. Redmi Note kan iso kasuwannin waje wajen Janairu. Tecno kan nuna sabuwar Camon a babban bajekolin waya na Basalona a ƙasar Sifen wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, Infinix Note ma wajen Maris ɗin take fitowa, kuma Tecno da Infinix da itel ɗin nan duk kamfani ɗaya ne ya haife su wato Transsion na China. In ka riƙe wannan a ka, ka san cewa mafi munin lokacin sayen waya shine wata ɗaya ko biyu kafin magajiyarta ta fito, ka biya cikakken kuɗi yau, bayan sati shida ta zama tsohon yayi farashinta ya sauka.

To sai me, a sayi sabuwar ranar da ta sauka? A'a. Satin farko dillalai ne ke cin kasuwa, kaya kaɗan masu so da yawa, musamman iPhone da ake shigowa da ita a jaka kafin ta wadata. Ga kuma matsalolin da sai an yi amfani da waya na ɗan lokaci suke bayyana, zafi ko shan batir ko kyamara mai buƙatar afdet. Ka bari waɗanda suka matsu su gwada maka, bayan wata ɗaya ko biyu zaka ji gaskiya a bakin masu gyara.

Abinda yafi riba shine ta bara. Apple da kanta in ta fitar da sabuwa takan rage dala 100 a kan ta shekarar da ta wuce, sannan mutanen Amurka da Turai na mayar da tsofaffinsu su karɓi sababbi, waɗannan ne ke gangarowa su zama Landan-yus a Computer Village na Ikeja da Farm Centre da titin Beirut a Kano da Banex a Abuja, amma ba a ranar suke isowa ba, sai an ɗan ja makonni. A ɓangaren Android ma ƴan kasuwa na son su kaɗe tsohon kaya kafin sabo ya cika shago, nan ne ciniki ke daɗi. Kuma sau da yawa bambancin sabuwar da ta baran bai taka kara ya karya ba. Misali injin waya, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ita, Helio G99 da ya fito a 2022 da Helio G100 na 2024 kusan abu ɗaya ne wajen ƙarfi, sai ka ga an canja bayan waya an ƙara lamba a suna an ƙara kuɗi, cikin kuwa na jiya ne. Ka jera bayanan biyun gefe da gefe, injin, sikirin, batir, saurin caji, in abu ɗaya ne kawai ya canja kuma ba shi ka damu da shi ba to ka san abin yi.

Sai dai fa a ƙasar nan akwai abinda yafi kalandar kamfani ƙarfi, shine dala. Kowa ya ga abinda ya faru bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024, wayar da ya kamata ta sauka saboda ta kwana biyu sai ta ninka. Don haka in kaga naira na zubewa kuma kuɗinka na hannu, jira asara ce, ka saya. In kasuwar canji a kwance take kuma magajiyar wayar da kake so saura ƴan makonni, ka daure. In kuma wayarka ta mutu kuma da ita kake neman abinci to babu wani lissafi, ka saya yau, kwanakin da zaka yi ba waya sun fi ragin da kake jira tsada. Gab da sallah ma kaya kan yi tsada saboda kowa na son canja waya, in zaka iya ka saya kafin azumi ya yi nisa ko bayan an sauko.

Mataki na huɗu, karanta kwali da idon basira

Ka fara yanke iyakar kuɗinka a gida kafin ka shiga kasuwa, kuma a ciki ka ware na kwandom ɗin waya da gilashin kariya da data ta wata guda, kar ka ƙarar da komai a kan waya ka dawo kana neman hotspot. Sannan ka faɗa wa kanka gaskiya me kake yi da waya. Mai sayar da atamfa da turare a WhatsApp kyamara mai fitar da kala daidai da wurin ajiya yake buƙata. Ɗalibi batir da sikirin mai sauƙi a ido. Ɗan acaɓa ko mai keke ko mai POS da ke yini a rana yana buƙatar sikirin mai haske da batir mai jure yini. Mai buga gem injin ne damuwarsa. Hajiya da Baba kuma lasifika mai ƙara da rubutu manya da wayar da bata da rikici.

Ram, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da take aiki da su a lokaci guda, kar ya gaza giga 4 na gaskiya, in da hali 6 ko 8. Na ce na gaskiya saboda abin nan da ake rubutawa 8+8 ko 4+4 a kwali, lambar farko ce ram, ta biyun aro ne daga wurin ajiya kuma bata da saurin ta farko, kamar ka share sito ka shimfiɗa tabarma ka ce ka ƙara ɗaki ne. Wurin ajiya kuma giga 128 ne ƙasa a yanzu, 64 zai cika kafin shekara da bidiyon guruf-guruf na WhatsApp kaɗai. In zaka iya gano nau'insa, UFS yafi eMMC sauri nesa ba kusa ba, shine dalilin da wata waya ke buɗe manhaja nan take wata kuma sai ta yi tunani.

Batir 5000mAh ya zama ruwan dare, don haka abin dubawa shine saurin caji. A inda wuta ke zuwa awa biyu ta tafi, waya mai caja 33W ko 45W tafi mai 10W amfani sosai ko da batirinsu ɗaya. Ka tambaya ko akwai kan caja a kwalin, iPhone da Samsung da yawa yanzu igiya kawai suke zuwa da ita, kan cajar kuɗi ne daban kuma na jabu sun cika kasuwa. Sikirin AMOLED yafi kyau da haske amma in ya fashe canjinsa na da tsada ƙwarai, ka tambayi mai gyara nawa ne sikirin ɗin wayar kafin ka saya, wannan tambaya ɗaya ta hana mutane da yawa sayen abinda bazasu iya riƙewa ba. Kyamara kuma kar lambar megafiksel ta ruɗe ka, 108 a waya mai arha bata kai 12 ko 50 a babbar waya ba, ka ɗauki hoto a cikin shago inda haske ya yi ƙasa, ka ɗauki bidiyo kana tafiya, ka gani da idonka.

Akwai kuma shekarun afdet, wanda ni nake ganin shine abinda aka fi rainawa. Samsung ta yi alƙawarin shekara 7 tun daga S24, Google ma haka tun daga Pixel 8, har ƙaramar A16 an ce shekara 6. Wayar da aka daina yi wa afdet wata rana manhajar banki zata ce bata aiki a kanta, ga kuma rashin tsaro. In kai mai riƙe waya shekara huɗu ne wannan ya shafe ka kai tsaye, musamman in ta hannu zaka saya wadda ta riga ta cinye rabin shekarunta.

Mataki na biyar, a cikin shago

In sabuwa ce dal a kwali, a buɗe a gabanka. Ka danna *#06# lambar shaidar wayar wato IMEI ta fito ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, dole su zama ɗaya. A rubuta maka rasit mai sunan shago da kwanan wata da wannan lambar, ka adana shi da kwalin, shine garantinka kuma shine shaidarka in wata rana aka ce wayar sata ce. Ka tambayi ina ake kai ta in ta samu matsala, Tecno da Infinix da itel suna da wurin gyaransu na Carlcare a manyan garuruwa, wasu wayoyin kuma da aka shigo da su ta bayan fage garantinsu baya aiki a nan.

In ta hannu ce to ka zauna, kar kowa ya gaggauta ka, in mai shago ya fara cewa sauri yake ka miƙa masa kayarsa. Ka saka sim ɗinka na gaske ka kira ka karɓi kira ka kunna data, ba Wi-Fi ɗin shago ba, domin akwai wayoyin da ke kulle da layin wata ƙasa. A iPhone ka shiga saitin wajen bayanin waya ka tabbatar an rubuta No SIM restrictions, ka duba lafiyar batir kar ta yi ƙasa da kashi 80, gara ma 85 zuwa sama, a nan wajen bayanin zaka ga ko an canja sikirin ko batir ko kyamara, ka gwada Face ID. Mafi muhimmanci a cire iCloud ɗin mai ita a goge wayar gaba ɗaya a gabanka ka saka naka, haka Android a cire asusun Google a goge ta ta tashi ba tare da ta nemi imel ɗin wani ba. A Samsung *#0*# na buɗe wurin gwajin sikirin da taɓawa da lasifika. Ka buɗe farin shafi ka duba tabo ko inuwa, ka jona caja ka ga tana shiga ba sai an karkata igiya ba, ka riƙe ta minti goma kana bidiyo ka ji zafinta.

Kar ka sayi waya a hannun wanda baka sani ba a tasha ko bakin titi komai arharta, araha bata ado, mutane nawa aka kama da wayar sata suna rantsuwa saya suka yi. Ka kuma yi hattara da wayar bashi da ba a gama biya ba, irin ta biya kaɗan-kaɗan, tana aiki lafiya ranar da ka saya, ranar da wa'adi ya wuce kamfani ya kulle ta daga nesa. Kai ma in zaka ɗauki irin wannan bashin ka tara duka abinda zaka biya daga kuɗin farko har na ƙarshe ka gwada da farashin kuɗi hannu, in bambancin ya yi yawa ko akwai ruwa a ciki da zuciyarka bata kwanta da shi ba, adashi na wata uku ko huɗu ya fiye maka. Masu musaya da ciko kuma ku fara jin farashin tsohuwarku a shago biyu ko uku daban kafin ku faɗi wadda kuke so, in ba haka ba a rage maka a nan a ƙara maka a can.

Mataki na ƙarshe, ranar da ka kawo ta gida

Kafin ka saki tsohuwar ka adana WhatsApp ɗinka a Google Drive ko iCloud, ka tabbatar lambobin mutane suna kan imel ɗinka ba kan waya ba, ka rubuta kalmar sirrin imel ɗin a takarda ka ɓoye. Sai ka ga komai ya dawo a sabuwar, har manhajar banki ta buɗe, sannan ka cire asusunka daga tsohuwar ka goge ta tas. Ka saka wa sim ɗinka lambar sirri a saitin, domin ɓarawon waya yanzu ba wayar ce ta dame shi ba, sim ɗin yake zarewa ya shiga asusunka da lambobin banki, amma ka kula in ka yi kuskuren lambar sau uku zai kulle sai da PUK da ke jikin katin da sim ya zo a ciki, don haka ka nemo katin tukunna. Ka hana manhajoji yin afdet da data sai da Wi-Fi ko datar dare, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, sabuwar waya na shan data sosai a kwanakin farko. Ka tura STOP zuwa 2442 saƙonnin talla su daina damunka. In layi ya cire maka kuɗi ba dalili ka kira 300 ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta ta, in basu gyara ba ka kira NCC a 622 kyauta ka basu wannan lambar.